Tsohuwar Kyamarar Malam Isyaku

Malam Zulkifilu, wanda ke koya mana ɗaukar hoto a makarantar koyon aikin jarida a Kano, ba ya maimaita magana. Ranar da za mu tafi hutu ya tsaya a gaban allo ya ce duk wanda ya dawo babu kyamara, kada ma ya wahalar da kansa hawa bene, ya koma gida ya jira baɗi. Kuma ba kowace kyamara yake nufi ba, sai irin wadda ake kira SLR, mai madubi a ciki, wadda ake cire mata gilashin gaba a sa wani. Wani ɗan gayu ya ɗaga wayarsa mai tsada ya ce, “Malam, wannan fa?” Malam ya ce masa ya je ya ɗauki hoton tuwonsa da ita.

Ni dai ko a jikina. Sunana Afra'u, 'yar Rano ce ni, kuma ban saba a ce min abu ba zai yiwu ba in yarda. Sabuwar kyamara ban ma sa ta a raina ba. Ta hannu na je nema a shagunan Kano, masu shagunan suka ga ɗaliba da hijabi suka ɗauka sun samu garaɓasa. Wani ya nuna min wadda funfuna ta cinye mata gilashi, yana ta rantsuwa wai ƙura ce. Masu lafiyar kuwa sun fi ƙarfin tunkiyata. Tunkiyar nan ita ce dukiyata kaf, kakata Iya ta Zurgu ce ta ba ni, na kuma sayar da ita saboda wannan darasi. In na yi kuskure na sayi matacciyar kyamara, ba ni da wata tunkiyar, shekarar nan ta tafi kenan.

Kawu Alu, ƙanen mahaifiyata, shi ya kawo labarin. Direba ne, yana jigila tsakanin Rano da Kano, kuma babu zancen da ba ya shiga motarsa ya fita. Ya ce Malam Isyaku mai hoto na Kibiya ya ajiye sana'a, an yi masa aikin ido, yana neman wanda zai sayi kyamararsa da arha. A tsakar gida ya faɗa, Umma tana zaune tana tsince wake. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

Haka Umma take da duk abin da ya shafe ni. Ni ce 'yar fari, ita kuma a fagen alkunya ba ta da na biyu a unguwarmu. Tunda aka yaye ni aka kai ni wurin Iya, ban dawo ba sai da na isa shiga sakandare. Bakin Umma bai taɓa furta sunana ba. Ni ce “ke”, ni ce “waccan”, in ranta ya yi fari kuma “'yar gidan Iya”. Ranar da na samu gurbin karatu maƙwabta suka yi ta shigowa barka, ita kuwa sai ta dubi ƙanwata Nuriyya ta ce, “Ki gaya wa yayarki ta kwashe shanyarta, hadari ya taso.” Ina tsaye a wurin fa. In dole ta kama ta yi min magana, sai ta kalli kafaɗata ko bangon da ke bayana. Na san gefen fuskar Umma fiye da kowa a gidan, amma da za a tambaye ni yadda ƙwayar idonta take, sai dai in yi ƙarya. Kowa yana ce min kunya ce, ba ƙiyayya ba ce. Na sani mana, ni yarinya ce? Sanin bai hana abin yi min ciwo ba.

Da safen da za mu tafi, na fito da jakata na tarar da ita zaune a gaban motar Kawu Alu, ta yafa mayafinta na unguwa.

“Yaya Huseina, ina zuwa?” in ji Kawu.

“Dubiya zan je wurin Lubabatu a Kibiya. Tunda hanya ɗaya ce.”

Lubabatun nan ƙawarta ce, kuma a makon da ya wuce ta zo gidanmu ta cinye kwanon ɗanwake ita kaɗai. Na shiga baya na zauna. Kawu ya kalle ni ta madubi yana danne dariya.

Lokacin marka ne, masara ta kai kan mutum a gefen hanya, sama kuma ta yi baƙi ƙirin tun kafin mu bar duwatsun Rano. Muna shiga Kibiya aka fara yayyafi. Kawu ya sauke mu a ƙofar shagon ya ce zai je tasha ya yi lodi, in mun gama mu same shi. Umma ta dubi sama ta ce, ba da kowa take ba, “Bari in ɗan fake.” Ta riga ni shiga.

Shagon ɗaki ɗaya ne. A bango an rataye wani tsohon zane mai hoton gidan bene da jirgin sama, irin wanda ake tsayawa a gabansa, ga benci a ƙasansa da tukunyar furen roba da ta koɗe. Malam Isyaku dattijo ne siriri, yana zaune a kujera sanye da baƙin tabarau mai faɗi. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da fara'a, suka gaisa da Umma.

“Hajiya, 'yarki ce ɗalibar?”

“'Yar unguwarmu ce,” in ji Umma, tana gyara zama a kan benci.

Malam Isyaku ya yi murmushi. “To, to. Na gane irin 'yan unguwar nan. Allah ya raya.”

Ya jawo jaka daga ƙarƙashin kujera ya miƙo min da hannu biyu. Na fara da shinshina cikin jakar, domin in danshi ya taɓa kama kyamara hanci ne ke fara sani. Babu wari. Kyamarar baƙa ce, mai nauyi, robar da ke wurin riƙo ta sule saboda hannu. Na cire gilashin gaba na kai shi bakin ƙofa na ɗaga shi a haske: tas, babu funfuna, babu ƙarzuwa. Na leƙa madubin ciki, na mayar da gilashin, na kunna ta. Na ɗauki farin bango na duba a allon baya ko zan ga ɗigo, ban ga ko ɗaya ba. Ƙarar maɓallin ma mai daɗi ce, ƙyas, ba ta jan ƙafa. Har na fara jin daɗi a raina, amma ban bari ya fito a fuskata ba, ai ba yau na fara zuwa kasuwa ba.

Sai na auna kalandar da ke jikin ƙofa na danna maɓallin rabi, yadda gilashin zai juya da kansa ya saita hoto. Shiru. Na duba ɗan makunnin da ke gefe, yana inda ya kamata. Na sake dannawa, ko motsi.

“Baba, ba ta saita kanta.”

“Ba ta yi,” ya ce kai tsaye. “Abin da ke juya gilashin ya daɗe da mutuwa. Da hannu nake murzawa, kuma na ci abinci da ita a haka shekara da shekaru. Ido ne ya ce ya gaji. Shi ya sa kika ji ta da arha, 'yata, ba don ina son ki ba.”

Na yi dariya. Gaskiyarsa ta burge ni, amma ba ita zan kai wa Malam Zulkifilu ba. Ya faɗi kuɗin da yake so, ya ɗara abin da ke jakata. Na buɗe baki zan taya kenan sai na ji muryar Umma, tana magana da tukunyar furen roba.

“Ikon Allah. Mutum ya sayar da tunkiya mai rai da lafiya, ya zo ya sayi abin da rabinsa ya mutu.”

“Hajiya, rabin da ya rage ya fi sabuwa aiki.”

“Ni ina ruwana? Fakewa nake yi. Kawai dai na ga ko igiyar ratayawar ta tsinke an ɗaure da zare.”

Ban ma lura da igiyar ba. Ashe duk abin da nake yi tana gani ta wutsiyar ido. Haka suka yi ta yi, shi yana cewa albarka, ita tana kushe wa furen roba kayan mutane, ni mai saye ina tsaye kamar an aiko ni. Ta kushe jaka, ta kushe murfi, har nauyin kyamarar sai da ta ce zai karya wa 'yar mutane wuya. Daga ƙarshe Malam Isyaku ya ɗaga hannu ya ce ya sallama a kan abin da nake da shi, ya ƙara min da caja.

“Amma da sharaɗi,” ya ce. “In ta fita daga shagon nan ba ta dawowa. Kuɗin nan asibiti za su tafi, saura aikin ɗaya idon. Ki gwada ta yadda kike so yanzu, kada gobe ki zo min da kuka.”

Na murza zoben gilashin da hannu na ɗauki kalandar, rubutun ya fito raɗau. Sai dai kalanda ba ta numfashi, ba ta ƙifta ido. Zangon nan gaba ɗaya hoton fuska za mu yi, kuma Malam Zulkifilu ba ya duba komai sai ido: in ƙwayar ido ta yi dishi-dishi, ko da kwalliyar duniya a hoton, sifiri ne. 'Yan ajinmu kyamarorinsu za su yi musu wannan aikin, ni kuwa da yatsuna zan yi. Ina da yaƙinin zan iya, amma ba zan miƙa kuɗin tunkiyata a kan yaƙini kawai ba. Sai na kama idon mutum mai rai da ita tukuna.

Sai ga alamar batir ta koma ja tana ƙyaftawa.

“Baba, a ɗan sa caji mana.”

“Da wace wutar? Rabonmu da ita tun shekaranjiya. Abin da ya rage a ciki shi ne rabonki, ki yi tattali.”

“To ka cire tabarau in gwada da kai.”

“Likita ya hana. Ko alwala da dabara nake yi.”

Na leƙa waje. Ruwa ake tsugawa kamar da bakin ƙwarya, titi ya zama rafi, ko akuya babu balle mutum. Na juyo cikin shagon. Mu uku ne, ɗaya da baƙin tabarau, ɗaya ni ce. Ta ukun tana zaune daidai inda ake zaunar da masu hoto, a ƙarƙashin jirgin sama, hasken ƙofa yana sauka a kuncinta yadda ko ni na tsara ba zan fi haka ba.

“Umma, zan gwada da ke.”

“Malam,” ta ce da Malam Isyaku, “ni ba na hoto.”

“Ba hoto ba ne, Hajiya, gwaji ne. Ana gamawa a goge.”

Ba ta tashi ba, na ɗauki hakan a matsayin izini. Na tsuguna a gabanta na ɗaga kyamarar. Ta juya fuska ta kalli ruwan sama. Na matsa ta gefen ƙofa, ta mayar da kallonta kan tabarma. Na ɗauka a haka ko zan dace, sai ga gefen fuskar nan da na haddace, fatar ido a sauke. Jar alamar ta ci gaba da ƙyaftawa. Raina ya ɓaci, irin ɓacin da ke taso wa mutum tun daga ciki. Shekara guda ta karatuna tana shirin zubewa a ƙasa saboda matar da ta haife ni ba za ta iya ɗaga ido ba.

“Umma, ki kalle ni mana!”

Ban taɓa faɗa mata haka ba. Maganar ta fita da ƙarfi fiye da yadda na so, har ta fi ƙarar ruwan a kan kwano. Umma ta sha kunu, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta fara laluben takalminta da ƙafa. Na san ta sarai, cikin ruwan nan za ta fita ta tafi gidan Lubabatu, ta bar ni da kyamara da baƙin ciki.

“Hajiya, dakata,” in ji Malam Isyaku. “Yarinyar nan sabuwar shiga ce, ba ta san yadda ake magana a shagon hoto ba. A nan ba a cewa a kalli mai hoto. Wa ya damu da mai hoto? Na ɗauki amare a bencin nan, na ɗauki surukai, na ɗauki matan da ko muryarsu ban ji ba, babu wadda ta taɓa kallona. 'Yata, sa fuskarki a bayan injin. Manna idonki a ramin leƙen, ki rufe ɗayan.”

Na yi yadda ya ce.

“To Hajiya, yanzu me kike gani a gabanki?”

Ta ce, “Baƙin ƙarfe.”

“Madalla. Akwai wanda ya taɓa jin kunyar ƙarfe? Tsakiyar gilashin za ki duba, kamar kina leƙa rijiya.”

Ta cikin ramin leƙen komai hazo ne, domin na murza zoben ya kauce. Na ga inuwar mayafi ta sauka, inuwar fuska ta juyo. Na fara murzawa a hankali. Ita irin wannan kyamarar, abin da ya shiga ta gilashin gaba madubi ne ke ɗauko shi ya kawo maka cikin ido kai tsaye, wanda ya kalli gilashin kai ya kalla. Ko Umma ta san haka, ko ba ta sani ba, oho. Hazon ya yi ta janyewa, hanci ya fito, gira ta fito, sai ga idanu.

Ashe ba baƙaƙe ba ne. Ruwan ƙasa ne, irin na zuma mai duhu, kuma a farin na dama akwai wani ɗan tabo ƙarami kamar ƙwayar riɗi. Kwallin da ta sa da safe ya ɗan zarce a gefe. Na yi zaton zan ga fuskar da ta ɗaure, ta mai jiran a gama a sallame ta. Ba haka na gani ba. Kallo take yi a natse, a ƙoshe, irin wanda na sha ganin tana yi wa Nuriyya in tana barci. Idon ya sauka kan yatsuna da ke riƙe da zoben, ya hau goshina da ya leƙo ta saman kyamarar, ya dawo tsakiyar gilashin ya tsaya. Daɗi ya kama ni, tausayin kaina da nata ya kama ni, duk a lokaci guda. Saitin ya yi daidai tuntuni, amma na wuce shi da gangan na sake dawowa, don kada abin ya ƙare.

“Batir, 'yata,” in ji Malam Isyaku a hankali.

Na riƙe numfashi na danna. Ƙyas. Madubin ya ɗaga, duhu ya gifta, ta dawo.

Na sauke kyamarar na buɗe hoton a allon baya, na jawo idon dama kusa har ya cika allon. Ga gashin ido ɗaya bayan ɗaya, ga tabon, ga ƙofar shagon da ruwan sama a cikin ƙwayar idon. Ko Malam Zulkifilu da masifarsa ba shi da abin cewa a nan. Ina cikin kallo allon ya yi baƙi, batir ya mutu murus, na ce wash.

“Baba, na saya.”

“Allah ya sa albarka. Ya fito?”

“Ya fito. Ai na gaya maka zan iya.”

“Ba ki gaya min ba, amma na ji a muryarki.”

Na ciro kuɗin na damƙa masa, ya sa a aljihu yana addu'a. Na fara naɗe wayar caja ina turawa cikin jaka. Na sa wa kyamarar murfinta, ita ma na saka ta a ciki. Ruwan ya fara tsagaitawa, har an soma jin muryoyin mutane a titi. Na ɗauka Umma za ta miƙe ta ce za ta dubiyarta. Ba ta miƙe ba. Ta gyara mayafinta a kafaɗa, ta share gefen ido da ɗan yatsa inda kwallin ya zarce.

“Malam,” ta ce, “a ce wa 'yar mutane ta sake. Ina jin kamar na ƙifta ido.”

Ba ta ƙifta ba, ni na ga hoton. Malam Isyaku kuma ya ji lokacin da na ce wash da batir ya mutu, ya san babu hoton da zai ƙara fita daga kyamarar nan yau. Ya juyar da baƙin tabaransa wajen ƙofa ya ce, “Ai kuwa gara a sake, Hajiya. Aikin hoto ba a yi masa gaggawa.”

Na fito da kyamarar daga jaka na cire murfin. Madubi ba ya buƙatar batir. Na tsuguna inda na tsuguna ɗazu, na manna idona na dama, na murza zoben har ta fito sarai. Tana nan tana kallo. Ban danna komai ba, babu abin dannawa. Sai na ɗan karkatar da kaina, na buɗe idona na hagu, wanda kyamarar ba ta rufe ba.

Umma ta gan shi. Ba ta kau da kai ba.